Kasada: a Jini Take, ko a Hanya Ake Tsintar Ta?

Idan yaron gidan mahauta ya tari bijimi gaba da gaba ya kama ƙaho, 'yan kallo ba sa dogon mamaki. Sai ka ji an ce gadonsu ne. Haka ake faɗa idan ɗan gardi ya sa hannu a ramin maciji, ko ɗan falke ya tattara ɗan jarinsa kaf ya nufi garin da bai san kowa ba. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, in ji mu, kuma da wannan karin magana mukan rufe zancen. Sai dai kalmar gado kalma ce mai babban ciki. Tana ɗauke da jinin da mutum ya zo da shi, tana ɗauke da abin da ya tashi ya ga ana yi a gidansu, tana kuma ɗauke da gona da shanu da kuɗin da aka bar masa. Bahaushe ya zuba ukun a ƙwarya guda. Masu binciken halayyar ɗan Adam kuwa sun shafe shekaru suna ƙoƙarin tsince su ɗaya bayan ɗaya, domin su ga wanne ne yake sa wani ya yi tsalle wani kuma ya ja da baya.

Kafin a je ga abin da suka samu, akwai wani rashin adalci a harshenmu da ya kamata a lura da shi. Wanda ya yi kasada ya dace, jarumi ne, mai zuciya. Wanda ya yi irinta ya faɗi, ɗan ganganci ne. Aiki ɗaya ne, sakamako ne ya raba musu suna. Masu bincike ba su damu da sakamakon ba. Abin da suke aunawa shi ne wannan: idan aka ajiye wa mutum ɗan abu tabbatacce a hannun dama, aka ajiye masa babban abu mai yiwuwar kuɓucewa a hannun hagu, wanne zai ɗauka?

Tagwaye ne suka fara ba da amsa. Akwai Hassan da Hussainin da suka fito daga ƙwai ɗaya, waɗanda kusan duk ƙwayoyin halittarsu iri ɗaya ne, akwai kuma na ƙwai biyu, waɗanda kamarsu a jini ba ta wuce ta wa da ƙane ba, wato kusan rabi. Dukansu gida ɗaya suke tashi, tukunya ɗaya suke ci. Saboda haka idan na ƙwai ɗaya suka fi na ƙwai biyu kama da juna a wani hali, to akwai hannun jini a ciki. Ƙasar Suwidin tana da rajistar tagwaye mai girman gaske, kuma da ita David Cesarini da abokan aikinsa suka yi amfani. A binciken da suka wallafa a 2009, sun sa tagwaye zaɓi tsakanin kuɗi tabbatattu da kuɗin ƙuri'a, da kuɗi na gaske ba na wasa ba, suka ƙiyasta cewa kimanin kashi 20 cikin 100 na bambancin da ke tsakanin mutane daga ƙwayoyin halitta yake. A shekarar da ta biyo baya suka duba wani abu da ya fi wannan nauyi. A 2000 gwamnatin Suwidin ta bai wa ma'aikata damar su zaɓi inda za a zuba wani kaso na kuɗin fanshonsu, daga cikin ɗaruruwan asusu, wasu masu kwanciyar hankali, wasu masu hawa da sauka. Da aka kwatanta zaɓin tagwaye, sai rabon jini ya fito kusan kashi 25. Wasu ƙananan bincike a wasu ƙasashe sun samu fiye da haka, har sama da rabi, amma manyan sun fi tsayawa tsakanin kashi ɗaya cikin biyar zuwa ɗaya cikin uku.

Wannan adadi yana da saurin ruɗar mutum. Ba yana nufin rubu'in ƙarfin halin Malam wane daga mahaifinsa ya zo, sauran kuma daga kasuwa ba. Magana ce a kan taron jama'a, a wani wuri, a wani zamani. Ka shuka gero iri-iri a gona ɗaya mai taki ɗaya da ruwa ɗaya, duk bambancin da ka gani a zangarniya daga iri ne. Ka shuka iri guda, rabi a fadama rabi a kan tudu mai tsakuwa, bambancin duk na ƙasa ne. Suwidin ƙasa ce da kusan kowa yake da makaranta da asibiti da fansho, wato gonar ta yi kusa da zama bai ɗaya, don haka iri yana samun damar nuna kansa. A inda wani yaro yake tashi cikin wadata, maƙwabcinsa kuma yana kwana da yunwa, babu dalilin zaton adadin zai zama ɗaya.

Da aka tabbatar jini yana da hannu, sai aka shiga farautar ƙwayar da ke da alhakin. A 1996 aka yi zaton an kama ta. Rukunoni biyu na masana, ɗaya a Isra'ila ɗaya a Amurka, suka ba da rahoton cewa wani nau'i mai tsawo na ƙwayar da ake kira DRD4 yana da alaƙa da son sabon abu. Ƙwayar tana da ruwa da tsaki a yadda ƙwaƙwalwa ke karɓar dofamin, sinadarin da ke tashi idan mutum yana sa ran samu. Jaridu suka yi ta yayata an gano ƙwayar kasada. Amma da wasu suka maimaita gwajin, wani ya samu, wani bai samu ba, har zancen ya yi sanyi. Abin da ya kashe bakin maganar shi ne babban aikin da Richard Karlsson Linnér da ɗimbin abokan aiki suka fitar a 2019, wanda ya duba ƙwayoyin halittar mutum fiye da miliyan ɗaya. Tambayar da aka yi wa yawancinsu mai sauƙi ce, ko suna ɗaukar kansu masu kasada. An samu wurare 124 a jerin halittar da ke da alaƙa da amsar, kowanne da tasiri ɗan ƙanƙani kamar ƙwayar gero a buhu. Da aka haɗa duk bayanan aka yi ma'auni guda, abin da ya iya bayyanawa bai kai kashi 2 cikin 100 na bambancin mutane ba. Ga shi kuma kusan duk waɗanda aka auna 'yan asalin Turai ne, kuma irin wannan ma'auni yakan ƙara rauni idan aka kai shi kan 'yan Afirka. Duk kamfanin da ya ce ka tofa yawu a kwalba ya gaya maka ko ɗanka zai yi zuciyar kasuwanci, kuɗinka kawai yake so.

Kada a ɗauka wannan ya wanke jiki daga zancen. Likitocin da ke kula da masu cutar Parkinson, mai sa karkarwar jiki, sun sha ganin abin mamaki. Wasu magungunan cutar suna kwaikwayon aikin dofamin, kuma an ga dattawan da ba su taɓa kusantar caca ba sun kama ta gadan-gadan bayan an ɗora su a kan maganin, wasu har suka salwantar da abin da suka tara. Da aka rage maganin ko aka canza shi, da yawansu suka dawo yadda suke. Mutumin bai canza gida ba, bai canza tarbiyya ba, sinadari kawai aka taɓa. Hali zanen dutse ne, haka muke cewa, amma ga ƙwayar magani ta goge zanen ta sake wani.

To ina kaso na biyu na gado, abin da aka gani a gida? A nan 'ya'yan riƙo ne suka yi amfani, domin jininsu na wani gida ne, tashinsu na wani. Matthew Lindquist da Joeri Sol da Mirjam van Praag sun bi bayanan 'ya'yan riƙo a Suwidin, suka wallafa a 2015 cewa ɗan mai sana'ar kansa ya fi sauran yara yiwuwar kafa tasa da kimanin kashi 60 cikin 100, kuma tasirin iyayen da suka riƙe yaro ya kai ninki biyu na tasirin waɗanda suka haife shi. Wannan ba zai ba mutumin Kano mamaki ba. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari sun shahara da fataucin goro zuwa Gwanja, tafiyar watanni cikin daji da 'yan fashi da koguna, kuma a cikin Agalawa aka haifi Alhassan Ɗantata a Bebeji a 1877. Mai kallo daga nesa zai ce zuciya ce ta gado. Amma yaron da ya tashi a irin wannan gida ya san wane madugu ake bi, wane fatoma ake sauka wurinsa, wa zai ba shi bashi a kan amana, yadda ake yayyafa wa goro ruwa kada ya bushe. Abin da yake tsalle cikin duhu ga ɗan manomi, a wurinsa hanya ce da aka riga aka share. Sau da yawa wanda muke yi wa kallon mai kasada ya fi mu sanin zurfin ruwan ne kawai.

Akwai wani abin da binciken tagwaye yake ta nanatawa wanda iyaye ba sa son ji. Kaso mafi girma na bambancin ba na jini ba ne, ba kuma na gidan da aka tashi tare ba ne. Yana cikin abin da ya sami kowane mutum shi kaɗai: abokin da ya yi, ubangidan da ya yi wa aiki, asarar da ya tafka yana ɗan shekara ashirin, hatsarin da ya tsallake. A cikin wannan kaso har da kuskuren ma'auni, domin mutum ɗaya yakan ba da amsa daban ranar Litinin da ranar Alhamis.

Shahararren aiki a kan tabon rayuwa shi ne na Ulrike Malmendier da Stefan Nagel, na 2011. Sun duba bayanan iyalan Amurka daga 1960 zuwa 2007, suka ga waɗanda suka rayu cikin shekarun da kasuwar hannun jari ta yi ta faɗuwa, musamman waɗanda karayar tattalin arzikin da ta fara a 1929 ta ritsa da su, sun fi gudun sayen hannun jari, ko da shekarunsu da dukiyarsu sun yi daidai da na wasu. Abin da ya faru kwanan nan ya fi nauyi a zuciya, amma na da ma ba ya gogewa gaba ɗaya. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Duk wanda ya san wani da kuɗinsa suka maƙale a shirin damfara na MMM a watan Disamba na 2016 ya san irin wannan tsumma, kodayake, abin takaici, ya kuma san wasu da suka sake faɗawa irin wannan rami da sabon suna.

Waɗannan na biyun su ne suka hana zancen zama mai sauƙi. A gabashin tsibirin Jawa na Indunusiya, Lisa Cameron da Manisha Shah sun samu cewa mutanen ƙauyukan da ambaliya ko girgizar ƙasa ta shafa ba da jimawa ba sun fi taka-tsantsan. A Burundi kuwa, Maarten Voors da abokansa sun samu akasin haka a 2012: mutanen yankunan da yaƙin basasa ya fi yi wa ɓarna sun fi son kasada. Bayan girgizar ƙasar Japan ta 2011, an samu mazan da ta fi girgiza sun ƙara son kasada, har da ƙarin caca, amma ba a ga haka ga mata ba. Wani bincike na 2017 a kan shugabannin kamfanonin Amurka ya ba da ɗan haske. Waɗanda suka ga bala'i suna yara amma bai yi muni ƙwarai ba, sun fi cin bashi da faɗaɗa kamfani ba tsoro. Waɗanda suka ga bala'in da ya kashe mutane da yawa, sun fi riƙe kuɗi a hannu. Wato ba faruwar abin ce take koyarwa ba, darasin da mutum ya fita da shi ne. Direban da motarsa ta ƙwace ya fito ba ko ƙwarzane yana iya fita da imanin cewa shi ba ya mutuwa a mota. Wanda ya ɗauki gawar yaron motarsa da hannunsa, da wani darasin zai koma gida.

Shekaru da jinsi ma suna da nasu, amma ko su ba su tsaya wuri ɗaya ba. Binciken da aka yi wa mutum kusan 22,000 a Jamus ya nuna son kasada yana raguwa da tsufa, kuma a jimlace maza sun fi mata. Sashen gaban ƙwaƙwalwa mai taka burki ba ya gama nuna sai mutum ya kai wajen shekara 25. Margo Gardner da Laurence Steinberg sun nuna a 2005 cewa matashi a wasan tuƙi na kwamfuta yakan ƙara ganganci sosai idan sa'o'insa suna kallo, babba kuwa da kyar abin yake taɓa shi. Duk wanda ya ga samari a kan babura ranar ɗaurin aure ba ya buƙatar a fassara masa. Game da mata kuwa, a lardin Yunnan na ƙasar Sin akwai al'ummar Mosuwo, inda mace ce shugabar gida kuma ta wajenta ake lissafin dangi. Elaine Liu da Sharon Zuo sun samu a 2019 cewa 'yan matan Mosuwo suna shiga firamare sun fi 'yan'uwansu maza kasada, amma bayan shekaru a aji ɗaya da yaran ƙabilar Han, sai su koma masu ɗari-ɗari kamar 'yan matan Han. Haka kuma babban binciken da ya tambayi mutum 80,000 a ƙasashe 76, wanda aka wallafa a 2018, ya nuna bambancin da ke cikin ƙasa ɗaya ya fi wanda ke tsakanin ƙasashe nesa ba kusa ba. Masu cewa ƙabila kaza ce take da zuciyar kasuwanci, ƙabila kaza kuma matsorata ne, su ji wannan.

Saura kaso na uku na gado, dukiya, kuma a ganina shi ne aka fi yi wa rowar magana. Talauci yana tura mutum gefe biyu masu karo da juna. Masanin dabbobi Thomas Caraco ya gwada wasu ƙananan tsuntsaye a 1980. Ya ajiye musu wurin ci biyu, ɗaya kullum da tsaba daidai gwargwado, ɗaya kuma wani lokaci tuli wani lokaci babu. Tsuntsun da yake samun abin da zai ishe shi yakan zaɓi tabbataccen. Wanda tabbataccen ba zai kai shi safiya ba, sai ya koma wa na sa'a. Daniel Kahneman da Amos Tversky sun nuna makamancin haka ga mutane tun 1979: zafin asara ya fi daɗin riba, daga baya suka ƙiyasta kusan ninki biyu, amma wanda ya riga ya ga kansa cikin asara yakan rungumi kasada don ya fita. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawarwaki 92 a hamadar arewacin Nijar kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace da barinsu Arlit. Mafi yawansu mata ne da yara, da yawa daga yankin Kance na jihar Damagaram. Babu mai hankalin da zai je neman ƙwayar kasada a jinin waɗannan mata. Rumbu ne ya ƙare.

Gefe na biyu shi ne na wanda yake da ɗan abin da zai kai shi baɗi, amma ba shi da rarar da zai yi gwaji da ita. Shi wannan ba ya wasa. Malaman gona sun daɗe suna yi wa manomin ƙasar Hausa kallon mai taurin kai, saboda yana cakuɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya maimakon ya shuka iri guda a jere. David Norman, wanda ya yi aiki a cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya tun daga shekarun 1960, ya bi ƙauyukan yankin ya nuna cewa cakuɗawar lissafi ce: abin da ake samu ya fi tabbata, in ruwa ya ci amanar wannan, wancan ya tsira. Mai rumbu ɗaya ba ya caca da shi. Elke Weber da Christopher Hsee sun kawo wani ɓangaren a 1998, da suka ga ɗaliban Sin sun fi na Amurka yarda da kasadar kuɗi, suka danganta hakan da yawan dangin da za su tallafi mutum in ya faɗi. Gandu da zumunci da ubangida a kasuwa irin wannan katifa ce. Ɗan attajirin da ya karye sau biyu ya tashi a na uku ana yaba zuciyarsa, ba a cika tambayar wa ya biya bashin biyun farko ba.

Ko ita ƙwayar DRD4 da aka yi wa kirari a banza ta bar wani labari mai amfani. A arewacin Kenya akwai makiyaya da ake kira Ariyal, wasu suna yawo da dabbobi, wasu sun zauna wuri ɗaya. Dan Eisenberg da abokansa sun ruwaito a 2008 cewa a cikin masu yawo, mazan da ke ɗauke da nau'in nan mai tsawo sun fi sauran ƙoshi da cikar jiki, a cikin mazauna kuwa su ne suka fi ramewa. Mutanen da aka auna ba su da yawa, don haka ba a gina gida a kansa. Amma ya nuna yadda abu ɗaya a jini zai iya zama alheri a daji ya zama nauyi a gari.

Gwajin da ya fi tsaya mini a rai a arewacin Gana aka yi shi, a tsakanin manoman masara. Dean Karlan da Robert Osei da Isaac Osei-Akoto da Christopher Udry sun so su san me ke hana manomi zuba jari a gonarsa, rashin kuɗi ne ko tsoron fari. Ta hanyar ƙuri'a suka bai wa wasu tsabar kuɗi, wasu inshorar ruwan sama wadda ke biya idan damina ta gaza, wasu duka biyun, wasu kuma ba a ba su komai ba. Sakamakon da suka wallafa a 2014 ya nuna kuɗin hannu bai canza abu mai yawa ba. Waɗanda aka bai wa inshora kuwa sun faɗaɗa gona, sun ƙara taki, sun ƙara kashe kuɗin huɗa da ƙwadago, kuma su da kansu suka nemo kuɗin. Mutanen nan su ne dai na bara, da jininsu da tarbiyyarsu da duk farin da suka taɓa gani. Da aka koma sayar da inshorar, inda damina ta yi kyau ba ta biya ba, sai masu saye suka ragu a shekara ta gaba. Inda kuwa manomi ya karɓi diyya, ko ya ga ɗan'uwansa ya karɓa, sai suka ƙaru.